A Daina Cewa a Ƙarfafa Garkuwar Yaron Nan

Tun daga annobar korona ta 2020, wata jumla ta zauna daram a bakin masu ilimin zamani: "ƙarfafa garkuwar jiki". Mai tallar magani a rediyo yana faɗar ta, mai sayar da garin zogale da kwalaben bitamin yana faɗar ta, lauya da injiniya da malamar jami'a suna tura wa juna ita a WhatsApp ba tare da wani ya tsaya ya tambayi abin da take nufi ba. In a kan mura aka faɗe ta, asarar ba ta wuce ta kuɗin kwalba. Amma akwai yaran da wannan jumla take cinye wa shekaru, kuma a kansu nake son ɗaga murya: yaran da hanjinsu ke kumbura yana gyambo wata da watanni, alhali babu wata ƙwayar cuta da ta shige su, garkuwar jikinsu ce da kanta ta far wa hanjin.

Matsalar ta faro ne daga kalmar. Garkuwa a wurin kakanninmu fata ce busasshiya wadda mayaƙi ke riƙewa ya tare kibiya da mashi. Abu ɗaya ake tambaya a kanta: tana da kauri ko ba ta da shi? Da muka ba likitanci aron kalmar, sai muka haɗa masa da wannan tunani, har ya zama duk wanda ya cika rashin lafiya garkuwarsa ce ta yi rauni, maganinsa kuwa a ƙara mata kauri. Aikin da jiki yake yi a zahiri ya fi kama da na sarkin ƙofa a ganuwar Kano ta dā. Ƙarfin dantse yana cikin abin da ake nema a wurinsa, amma babban aikinsa shi ne rarrabe fatake da mahara. Ranar da ya fara sukar duk wanda ya doso kasuwar Kurmi da kaya a ka, babu mai hankalin da zai ce a ƙaro masa masu.

Cutar da nake magana a kanta gida biyu ce. Ɗaya ita ce gyambon babban hanji, wanda likitan Landan Samuel Wilks ya siffanta a 1859: yana farawa daga dubura ya hau sama, yana cin fatar cikin hanjin kawai, alamarsa gudawa da jini da majina. Ɗayar ita ce cutar Crohn, wadda ta samo suna daga Burrill Crohn, ɗaya daga cikin likitoci uku na asibitin Mount Sinai a New York da suka bayyana ta a 1932. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tana tsallake wuri ta kama wani, tana ratsa kaurin hanji har ta huda shi ta buɗe hanyar yoyo zuwa fata ko zuwa wani sashen hanjin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu waɗannan cututtuka tun suna yara ko matasa take fara musu, kuma a yara ta fi yawan cin wuri mai faɗi fiye da yadda take yi wa manya.

Kafin a fahimci inda abin ya ɓaci, sai an fara ganin girman aikin da aka ɗora wa hanji. In aka shimfiɗa fatar cikinsa, za ta kai murabba'in mita 30 ko fiye kaɗan. A bisa wannan fata, musamman a babban hanji, akwai bakteriya tiriliyan 30 zuwa 40. Abin da ya raba su da jinin mutum shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta mai kaurin ƙwaya ɗaya tak, wadda ake sabunta ta cikin ƙasa da mako guda, sai majina da ke lulluɓe da ita. A bayan wannan siririn shinge ne jiki ya jibge rundunar tsaro mafi girma da yake da ita. Kullum abinci yana wucewa, wanda a idon garkuwa baƙo ne. Kullum bakteriya suna goga kafaɗa da shingen. Da rundunar nan za ta ɗauki kowane baƙo a matsayin maƙiyi, da babu wanda zai ci tuwo ya kwana lafiya. Saboda haka lafiyar hanji haƙuri ce, kuma haƙurin nan aiki ne da ake yi kowace sa'a, da ma'aikatansa da kayan aikinsa.

An san ma'aikatan. A 1995 masanin Japan Shimon Sakaguchi ya nuna cewa cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da aikinsa kawai shi ne tsawatar wa sauran, ya hana su far wa jikin da suke gadi. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke naɗa waɗannan masu tsawatarwa. Jariri namiji da aka haifa da ita a lalace yakan fara gudawa marar tsayawa tun yana goye, sau da yawa haɗe da ciwon suga da ƙurajen fata. Su ukun ne suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2025. Ina so mai karatu ya lura da wannan: a daidai lokacin da kasuwa ke sayar mana da ƙarfi a kwalba, babbar kyautar kimiyya ta tafi ga waɗanda suka gano linzami.

Ɗaya daga cikin saƙonnin da masu tsawatarwar ke aikawa wani sinadari ne da ake kira IL-10, wanda ma'anarsa a harshen jiki ita ce "ya isa haka". A 1993 masu bincike a birnin Kolon na Jamus suka samar da ɓeraye da ba sa iya yin IL-10. Babu wanda ya sa musu cuta, amma suka girma da kumburin hanji mai naci, suna ramewa, jininsu yana ƙarewa. A 1998 wasu masu bincike a Amurka suka rene irin waɗannan ɓeraye a akwatin da babu ko ƙwayar bakteriya ɗaya, sai hanjinsu ya zauna lafiya lau. Da aka bar bakteriyar hanji ta yau da kullum ta shige su, kumburin ya tashi. Gwaje-gwajen nan biyu sun faɗi kusan duk abin da ake bukatar sani: bakteriyar gida ce, wadda kowa ke ɗauke da ita, garkuwar ke yaƙa, kuma tana yaƙar ta ne saboda an cire mai cewa ya isa.

Wani zai ce ɓera daban, mutum daban. A 2009 likitoci daga Jamus da Ingila suka ba da rahoton yaran da suka fara gyambon hanji mai tsanani tun a shekararsu ta farko, da ƙuraje da yoyo a gefen dubura, waɗanda magani da tiyata suka kasa. An tarar suna yin IL-10 ɗin, amma kunnen da ke jin saƙon a jikin ƙwayoyinsu ne ya lalace. Da aka yi wa ɗaya daga cikinsu dashen ɓargo, wato aka musanya masa rundunar baki ɗaya, hanjin ya warke. Iyalan da aka fara gano wannan a cikinsu masu auren zumunci ne, kuma a nan labarin ya shafe mu kai tsaye. Irin wannan lahani sai yaro ya gada daga uwa da uba duka yake bayyana, abin da ya fi saurin faruwa idan iyayen jini ɗaya ne. Ban kawo wannan don sukar auren ɗan wa da 'yar ƙane ba. Yawancin 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau. Na kawo shi ne saboda a al'ummar da auren zumunci ya yawaita, jaririn da ke zubar da jini a bahaya tun kafin yaye, mai gyambo a dubura, wanda kuma wansa ko yayarsa ta rasu da irin haka, bai kamata a sallame shi da cewa haƙori ne ko ɗankanoma ba.

Zuwa nan mai karatu zai iya cewa ya gane: ashe ƙarfi ne ya yi wa garkuwar yawa. Wannan ma bai cika daidai ba, kuma nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa. A 2001 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, suka gano ƙwayar gado ta farko da ke da alaƙa da cutar Crohn, mai suna NOD2. Aikinta shi ne jin ƙanshin wani ɓarɓashi na bangon bakteriya, ta sanar da jiki cewa wani ya ƙetare shinge. An zaci za a tarar tana da kaifi fiye da kima a jikin marasa lafiya. Sai aka tarar akasin haka: dakushewa ta yi. Mai gadin farko ba ya ji da kyau, bakteriya suna kutsawa su zauna a cikin naman hanji ba a kore su da wuri ba, sai babbar runduna ta zo a makare ta yi ta ruwan wuta ba ƙaƙƙautawa. Haka yake a wata cutar gado da fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye bakteriya amma su kasa kashe ta: da yawa daga yaran da ke da ita suna yin kumburin hanji da ko a madubin ɗakin gwaji yana da wuya a bambanta shi da Crohn. Akwai kuma wani yaro a jihar Wisconsin ta Amurka da hanjinsa ya fara hudewa tun bai kai shekara biyu ba, aka yi masa tiyata fiye da 100, har aka cire babban hanjinsa. A 2009 aka karanta ƙwayoyin gadonsa aka tarar da lahani a wata mai suna XIAP, wadda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da NOD2. A 2010 aka yi masa dashe da jinin cibiya, ya koma cin abinci.

To wannan yaro, garkuwarsa rauni ta yi ko ƙarfi? Duka biyun, a wurare daban-daban, a lokaci guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa tambayar kanta ba ta da amfani. Masu lahani a ƙwayar gado ɗaya 'yan kaɗan ne, kuma sun fi yawa cikin waɗanda cutar ta kama kafin shekara shida. Ga sauran yara, an gano wurare sama da 200 a jerin gado waɗanda kowane yake ƙara haɗari kaɗan, wasu a shingen, wasu a majina, wasu a mai gadin farko, wasu a masu tsawatarwa. Wace kwalbar bitamin ce ta san wanne za ta ɗaga, wanne za ta kwantar?

Abin da ya sa jinkiri a yaro ya fi jinkiri a babba tsada shi ne girma. Sinadaran da ke hura wutar kumburi, musamman TNF da IL-6, ba a hanji kaɗai suke tsayawa ba. Suna kashe sha'awar abinci, suna toshe saƙon da ke sa ƙashi ya yi tsawo, suna jinkirta balaga. A cutar Crohn, sau da yawa tsayawar girma ce take riga gudawa bayyana: yarinya 'yar shekara goma sha uku da ƙanwarta ta kamo ta a tsawo, yaron da bai canza wandon makaranta ba shekara biyu. IL-6 kuma yana sa hanta ta fitar da wani sinadari mai suna hepsidin, wanda ke rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini. Asalin wannan dabara ce ta hana bakteriya abinci, amma idan kumburi ya ƙi ƙarewa sai ta zama ƙarancin jini. Shi ya sa uwa za ta ba ɗanta kwalba bayan kwalba ta maganin ƙarin jini, idonsa yana nan fari fat. Ga babba, shekara biyu na ciwo shekara biyu ne na wahala. Ga yaro, idan ƙasusuwansa suka rufe bayan balaga, tsawon da ya rasa ya tafi ke nan.

Na san amsar da aka saba bayarwa: wannan cutar Turawa ce. Akwai lokacin da likitocin da suka yi aiki a Afirka, irin su Denis Burkitt da Hugh Trowell, suka lissafa gyambon babban hanji cikin cututtukan da ba kasafai suke gani a nahiyar ba. Haka aka taɓa faɗa a kan Japan da Koriya da Sin da Indiya, kuma yau asibitocinsu suna da sassa na musamman don wannan cuta. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna tana hauhawa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka da ke komawa rayuwar birni da masana'antu. A lardin Ontario na Kanada an bi diddigin baƙin haure, aka ga waɗanda suka zo da girmansu ba sa yawan kamuwa, amma gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin da ya iso, gwargwadon ƙaruwar haɗarinsa. 'Ya'yan da aka haifa a can ga iyaye 'yan Afirka kudu da Sahara kuwa haɗarinsu ya kamo na 'yan ƙasa. Jinin bai canza ba a tsara ɗaya. Abin da ya canza shi ne abinci, da ruwa, da magunguna, da irin bakteriyar da ta fara zama a hanjin jariri ta koya wa garkuwarsa wa za ta ƙyale. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma yaran da suka fi kusa da wannan sauyi su ne 'ya'yan masu karanta wannan rubutu, ko suna Abuja ko Yamai ko Landan. Ban da haka, cutar da ba a tabbatar da ita sai da na'urar leƙa hanji da gutsurin nama a madubi, dole ta zama "ba ta da yawa" a inda na'urar da mai riƙe ta suka yi ƙaranci.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma likitocinmu suna da gaskiya a cikinta. A Kano ko Maraɗi, yaro ɗari da ke gudawa da jini kusan dukkansu atini ne ko wata cutar da ƙwaya ta kawo. Tarin fuka na hanji yana kama daidai wurin da Crohn ta fi so, wato ƙarshen ƙaramin hanji, kuma yana kama da ita har a madubi. Wanda ya ba mai atinin amiba maganin sitiroyid da zaton gyambon hanji ne, yana iya huda masa hanji ya kashe shi. Saboda haka fara neman ƙwayar cuta hikima ce. Abin da nake suka shi ne tsayawa a nan har abada. Gwajin Widal, wanda aka ƙirƙira tun 1896, yana nuna taifot a jikin mutane da yawa da ba su da ita, amma da shi ake yanke wa yaro hukuncin taifot karo na huɗu da na biyar a shekara guda. Daga nan a wuce kemis a karɓo Flagyl da Septrin ba takarda. Flagyl kuwa yana ɗan lafar da cutar Crohn na wani lokaci, sai kowa ya ce ai ga shi ya ji sauƙi, bayan wata biyu a dawo gidan jiya. Wani nazari a Denmark da ya bi yara sama da rabin miliyan, wanda aka buga a 2011, ya tarar cewa yawan zagayen antibayotik da yaro ya sha yana tafiya da ƙaruwar haɗarin Crohn. Wannan bai tabbatar da cewa maganin ne ya jawo ba, don mai yiwuwa wasu an ba su ne saboda cutar ta riga ta fara. Amma ko ta wace fuska aka duba, ba hujja ba ce ta ci gaba da share hanjin yaro da magani duk wata.

A duba magungunan da suka yi aiki, a ga ko akwai mai ƙarfafawa a cikinsu. Ga yaro mai cutar Crohn, ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin Turai tun 2014 ita ce a fara da abinci: mako shida zuwa takwas yaro ba ya cin komai sai wani abinci na ruwa da aka haɗa shi cikakke. Kusan takwas cikin goma suna samun lafawa, gyambon yana warkewa, nauyi yana dawowa, ba tare da illar sitiroyid ga ƙashi da tsawo ba. Ana ganin yana aiki ne ta hanyar canza abin da bakteriya ke ci da abin da ke taɓa shingen, wato a rage abin da ke tsokanar rundunar. Idan cutar ta fi ƙarfin haka, akwai infliximab, wanda Amurka ta amince da shi ga manya a 1998, ga yara a 2006. Aikinsa ɗaya ne, kama TNF ya ɗaure. Shi ma yana da farashinsa, kuma farashin ya fi tsada a wurinmu: TNF ne ke riƙe da katangar da jiki ke kewaye ƙwayar tarin fuka da ita. A 2001 aka ba da rahoton mutane 70 da tarin ya tashi a jikinsu bayan an ba su maganin. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, don haka babu yaron da ya kamata a fara wa wannan allura ba a bincika ko yana ɗauke da tarin a ɓoye ba.

Ga iyaye da 'yan uwa masu ilimi, waɗanda su ne ake kira a waya idan yaro ya ƙi warkewa, abin da ya fi tura sunan wani sabon bitamin amfani shi ne tambayoyi. Gudawa ko ciwon ciki ya wuce wata guda? Yana tashin yaron cikin dare? Akwai jini, ko gyambon baki mai dawowa, ko ƙurji a gefen dubura, ko ciwon gaɓoɓi? A nemo katin asibiti a kwatanta tsawonsa da nauyinsa na bana da na bara, domin wannan gwaji kyauta ne kuma ya fi Widal gaskiya. A nemi a duba bahaya don amiba da sauran ƙwayoyi, a duba tarin fuka. Akwai gwajin bahaya da ke auna kalfurotektin, wani furotin da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa idan sun taru a hanji; ba ya faɗin dalilin kumburin, amma idan ya ci gaba da hauhawa bayan an magance ƙwayoyin cuta, lokacin ganin likitan hanji na yara ya yi, a leƙa a gutsuro nama. In kuwa yaron bai kai shekara biyu ba, a gaya wa likita ko iyayensa 'yan uwa ne, da ko an taɓa rasa wani jariri a gidan da irin wannan ciwo, ko da likitan bai tambaya ba.